Daga Bader Goula zuwa Gotenbag, inda mota ke shan wuta ba igiya

Ɗan'uwa, ka ce in na dawo kada in cika ka da labarin sanyi da na abinci, labarin wuta kake so. To ga shi, amma bari in faro daga hanya.

Na bar Bader Goula a ƙarshen kakar 2023, ana ta kai damman gero rumbu. Motar kasuwa ta kai mu Dakoro bayan mun sauka mun tura ta cikin rairayi, kamar kullum, daga nan kwalta har Maraɗi. Kai da ke zaune da sola a kan rufin shagonka ba ka ji zafin abin da na tarar can ba. Tun watan Agusta, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin Nijelek ke rabawa daga can take zuwa. Layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa shi ke ciyar da Maraɗi da Damagaram. Wuta ta koma ta rabo, unguwa-unguwa. Masu walda da masu ƙanƙara na zaune sun yi tagumi, masu sayar da farantin sola da batir da inbata kuwa ba su da lokacin amsa sallama. Haka na bi ta Madawa da Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, tafiyar fiye da kilomita 600, na tarar Yamai ita ma ƙarar janareta ce ko'ina.

Jirgi ya sauke mu Istambul, wani ya ɗauke mu zuwa Gotenbag, birni na biyu a ƙasar Suwidin, wanda masu shi ke kira Yotebori. Taron ma'aikatan lantarki ne ya kai ni. Filin jirginsu, Landvetter, yana cikin dajin itatuwa dogaye, kuma kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Azahar da La'asar da Magariba sun matsu wuri guda har sai mutum ya riƙa duban agogo. Kuɗin takarda ba su da kasuwa, ko shayi za ka saya sai da kati. Na fito gida ina ganin na san aikin wuta daidai gwargwado, shekaru ina koyar da shi, amma tun a motar da ta shigar da ni gari na fara lissafin abubuwan da sunansu kawai na sani.

Garin Volvo ne, a nan aka kafa kamfanin a 1927. Wani kogi da ake kira Yota ya raba shi biyu. Ana zirga-zirga da taram, wato ƙaramin jirgin ƙasa mai bin tsakiyar titi yana jan wuta daga wayar da ke samansa, da bas-bas masu batir waɗanda ba ka jin zuwansu sai ƙarar taya a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Don tsallaka kogin zuwa unguwar Lindholmen, inda a da ake ƙera jiragen ruwa, yanzu kuma ofisoshin masu bincike suka cika ta, sai ka shiga jirgin fito tare da masu kekuna. Wutar ƙasar kusan duka daga madatsun ruwa take da tashoshin nukiliya da injinan iska. Ina tsaye a bakin kogin na tuna cewa a 2022 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yuraniyom ɗin da Tarayyar Turai ta saya daga Nijar ya fito, daga ƙasar Arlit, kuma raina ya ɓaci ƙwarai da na haɗa wannan da masu walda da na baro zaune a Maraɗi.

Abin da ya fi ja na shi ne tasi. A watan Maris na 2022 Volvo ta fara gwajin shekara uku da kamfanin tasi na Cabonline: ƙananan motoci samfurin XC40 masu batir, waɗanda ke shan caji ba tare da an jona musu igiya ba. Na'urar cajin ta wani kamfanin Amurka ce, Momentum Dynamics, wanda ya koma InductEV. Na je wurin tsayuwarsu na tsaya ina kallo. Babu komai sai wani faranti mai kusurwa huɗu da aka shafe daidai da kwalta, ruwan sama na kwance a kansa. Wata mota ta zo a hankali, ta ɗan ja baya, ta gyara, ta tsaya. Direban bai fito ba. Da na leƙa sai na ga baƙar fata ne, na yi masa sallama ya amsa da fara'a, ashe Basomale ne. Ya buɗe mini ƙofa na zauna gefensa, ya nuna mini allon gaban motar. Kyamarori sun nuno motar daga sama, ga farantin ƙasa, ga inda ya kamata cikinta ya daidaita da shi. Da ta daidaita cajin ya kama da kansa, lamba ta fara hawa.

Na ce masa, "Ɗan'uwa, ba ka jin komai a jikinka?" Ya yi dariya ya ce abin da yake ji kawai shi ne ɗumin kujera, domin a da sai ya fita cikin ƙanƙara ya ja igiya mai kauri da hannu a daskare. Yanzu duk sanda ya shiga layin jiran fasinja motar na kurɓa kaɗan-kaɗan, har dare bai je tashar caji ba. Ƙarfin da take sha ya haura kilowat 40, kusan ninki huɗu na cajin igiya mai kilowat 11. Motocin kuma ba na ado ba ne, an tsara kowace ta yi aikin fiye da awa 12 a rana, kilomita 100,000 a shekara.

Sai fasinja ya zo, na sauka. Nan ne idona ya kai kan wani akwatin ƙarfe a gefen titi, a kulle, ba mai kallonsa. Na kara kunne na ji fanka na juyawa a ciki. Farantin da kowa ke ɗaukar hotonsa naɗin waya ne kawai. Aikin yana cikin wannan akwati, kuma ɗan'uwan inbatar da ke ƙarƙashin teburinka ne.

Ka san taransifoma: naɗi biyu na waya a jikin ƙarfe ɗaya, wuta ta shiga na farko, maganaɗisu ya ɗauke ta ya zuba a na biyu, ba tare da wayoyin sun taɓa juna ba. Tun 1831 Michael Faraday ya gano haka. To a nan an raba taransifomar biyu, rabi a ƙasa, rabi a cikin mota, iska a tsakani. Matsalar ita ce iska ba ta riƙe maganaɗisu yadda ƙarfe ke riƙewa. Wutar layi da ke kai da komowa sau 50 a daƙiƙa ba za ta tsallaka da wani abin kirki ba. Don haka akwatin ke karɓar wutar layi, ya miƙar da ita ta zama irin ta batir, sannan ya sake yayyanka ta ta riƙa kai da komowa sau dubbai masu yawa a daƙiƙa. Ƙa'idar da ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta fitar a 2020 don ƙananan motoci ta tsayar da sau 85,000. Ana haɗa kowane naɗi da kafasito a auna su su yi amo ɗaya, sai na sama ya kama abin da na ƙasa ya aiko, a sake miƙar da shi ya shiga batir.

Washegari aka kai mu jami'ar fasaha ta Chalmers, wadda aka kafa a 1829. A farkon 2023 ƙungiyar Farfesa Yujing Liu ta ba da sanarwar tsarin da ke tsallakar da kilowat 500 ta farantin da faɗinsa murabba'in mita 2 ne, da tazarar santimita 15, kashi 98 cikin 100 na wutar na isa. Wata ɗaliba mai digiri na uku ce ta zaga da mu. Ta miƙo mini guntun igiyar da ake naɗin da ita, kaurin yatsa. Na murza bakinta sai ta watse ta zama zaruruwan jan ƙarfe sirara kamar gashin kai, kowane da rufinsa, a igiya ɗaya suna iya kai 10,000. Ta ce wutar da ke saurin juyawa haka ba ta shiga tsakiyar waya mai kauri, bayan-bayanta take bi, sai wayar ta yi zafi a banza. Na juya abin a hannuna na daɗe. Na karanta wannan a littafi, ban taɓa riƙe shi ba. Ta kuma nuna mana makunnan, taransistoci na silikon kabaid, waɗanda ke jure bolt mai yawa da zafi da saurin kunnawa fiye da na silikon da muka saba canzawa.

Ni dai tambayata ɗaya ce: in ana son a ƙara ƙarfi, a ciyar da babbar mota ko tirela, me zai fara ƙonewa? Ta ja ni gaban allo, kuma abin da ta zana shi ne dalilin wannan doguwar takarda.

In kana son ƙarfi mai yawa, ko ka ƙara amfiya ko ka ƙara bolt. Amfiya ita ke kawo zafi, kuma in ka ninka ta biyu zafin sau huɗu yake ninkuwa. Saboda haka kowa bolt yake ɗagawa. Batiran motoci sun tashi daga bolt 400 sun koma 800 a wasu sababbin, na manyan motoci na neman wuce 1,000. Amma kowane taransisto da iyakar abin da zai iya tarewa in yana kashe. Inbata ta gargajiya hawa biyu gare ta: kowace ƙafarta ko tana can sama a cikakken bolt, ko tana ƙasa, tsalle ɗaya. Duk nauyin a kan makunni guda yake sauka. Sai masana suka ce a sa matakai a tsakani. A jera kafasito biyu su raba bolt ɗin gida biyu, a jera makunnai huɗu maimakon biyu, sai wutar ta hau rabi, ta hau sama, ta sauko rabi, ta sauka ƙasa. Buhun da zai karya bayan jaki ɗaya, in an raba shi wa biyu sai su kai shi kasuwa lafiya. Layi mai bolt 1,500 ke nan kowane makunni 750 kawai zai tare, sai a yi aiki da na bolt 1,200 da ake samu a kasuwa. Wannan ita ce inbata mai hawa uku. Ana yin mai biyar, mai bakwai, har abin da ya fi haka.

Da ta zana siffar wutar, hawa-hawa, sai na gane ta. Ka tuna inbatar nan mai araha da ka fara saya, wadda in ka jona mata fanka sai ta riƙa gurnani tana zafi? Wutarta sama take zuwa, ta tsaya a sifiri, ta faɗa ƙasa. Matakin nan ɗaya na tsakiya shi ya sa ta fi ta dā mai tsalle biyu, ƙarancin matakan kuma shi ke sa fankar kuka. Mai tsadar da ka saya daga baya wata dabara take yi: tana kunnawa da kashewa sau dubbai cikin kowane zagaye ɗaya na wutar, sannan ta tace, sai wutar ta fito sumul. Na tambayi ɗalibar me ya hana a yi haka a nan. Ta ce in lissafa da kaina. Wutar gida sau 50 take juyawa, akwai sarari a yayyanka ta. Wadda ke juyawa sau 85,000 kuwa, in za a yi mata haka sai makunni ya kunna sau miliyoyi a daƙiƙa ɗauke da ɗaruruwan kilowat, kuma babu wanda zai yi wannan bai narke ba. Matakai su ne hanyar da ta rage ta gyara siffar wutar.

Akwai amfani na uku, wanda ni ya fi burge ni. Batir in ya kusa cika ba ya son wuta da yawa, direba kuma ba kullum yake tsayawa daidai kan faranti ba, don haka dole akwatin ya riƙa ragewa da ƙarawa. Makunni yana zama da sanyi ne in ya kunna a daidai lokacin da babu bolt a kansa. Inbata mai hawa biyu in aka matsa mata ta rage ƙarfi sosai sai ta kauce wa wannan lokaci, ta fara zafi. Mai matakai kuwa sai ta sauko hawa ɗaya ta ci gaba da aikinta a natse. Ƙananan tsalle kuma ba sa watsa hayaniyar da ke shiga rediyo da sauran na'urori kamar yadda babban tsalle ke yi.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wasu Japanawa uku, Nabae da Takahashi da Akagi, su suka wallafa mai hawa uku a 1981, don manyan injinan masana'antu. A 1992 Meynard da Foch a Tulus ta Faransa suka kawo wata mai kafasito a tsakanin makunnai. A farkon shekarun 2000 Rainer Marquardt a Jamus ya fito da wadda ake ginawa da ƙananan akwatuna iri ɗaya a jere, ɗaruruwa in an so, kuma a 2010 aka fara aiki da ita a layin megawat 400 da ke kai wuta San Faransisko ta ƙarƙashin ruwa. Abin da ake fama da shi yanzu shi ne a sa ta gudu da saurin da cajin iska ke bukata. Jami'ar Okland ta Niyu Zilan, inda John Boys da Grant Covic suka daɗe suna wannan aiki na tsallakar da wuta, tana cikin masu gwada hakan.

Na ce mata, to ai kin ƙara yawan abin da zai lalace. Ba ta musa ba. Makunnai sun ƙaru, kowane da ɗan da'irar da ke tuƙa shi. Kafasitocin nan kuma ba sa zama daidai da kansu: ɗaya ya riƙa cika, ɗaya na raguwa, in ƙwaƙwalwar na'urar ba ta lura ta daidaita su ba, sai bolt ya taru a kan makunni ɗaya ya fashe, na kusa da shi su bi. Amma ta nuna mini ɗaya gefen. A irin ta Marquardt, in akwati ɗaya ya mutu ana iya tsallake shi sauran su ci gaba, sai ranar gyara a zare shi a sa wani. Wannan ya zauna mini a rai. Mu da kayan gyara ke yi mana tafiyar kwana da kwanaki, na'urar da za ta rage ƙarfi ta ci gaba ta fi mana wadda za ta mutu gaba ɗaya, ko da ta fi ta tsada.

Ranar Juma'a na yi salla a babban masallacin garin da ke tsibirin Hisingen, wanda aka buɗe a 2011, cike da Somalawa da Larabawa da Turkawa da 'yan Afirka ta Yamma. Da na fito na sake bi ta wurin tasin, ina auna farantin da idon mutumin Dakoro. Ƙanƙara da ruwa ba sa tare maganaɗisu, rairayi ma haka. Ka san yadda ƙurar hunturu ke cinye bakin caja da soket a shagonka, to nan babu bakin da za ta shiga, babu igiyar da za a yanke a sace. Amma ƙarfe abokin gabarsa ne. Ƙusa ko murfin kwalba ko gwangwanin tumatir in ya faɗa tsakani zafi zai ɗauka, shi ya sa ake sa na'urar da ke ganowa ta yanke wutar, da wata mai lura da abu mai rai. Su kyanwa suke tunani. Mu kuwa duk motar da ta tsaya a tasha da rana, kafin direba ya gama shan ruwa akuya da kaji sun shige ƙarƙashinta neman inuwa. Sannan fankar nan da na ji a akwatin iskar kusa da ƙanƙara take ja. A watan Afrilu namu, da zafi ke haura digiri 40, sai an sake lissafin sanyaya shi tun daga tushe.

A jirgin fiton da ya mai da ni wani injiniya ɗan Norwe da muka zo taro tare ya ba ni labarin nasu. A 2017 kamfanin Wärtsilä ya gwada cajin iska a jirgin fito mai suna Folgefonn, ƙarfin ya haura megawat 1, jirgin na lilo a kan ruwa, farantan ba su taɓa juna ba. A Italiya kuma bas-bas na Turin da Jenowa tun farkon shekarun 2000 suka fara sha ta haka. Na lura duk inda abin ya yi riba, abin hawa ne mai komowa wuri ɗaya sau da yawa a rana ya tsaya 'yan mintoci: tasi, bas, jirgin fito. Bayan na dawo na ji cewa a 2024 ɗakin bincike na Oak Ridge a Amurka ya tsallakar da kilowat 270 zuwa cikin ƙaramar mota ƙirar Porsche Taycan.

Kada ka ɗauka na dawo ina cewa a binne faranti a tashar Dakoro. Kilowat 40 na tasi ɗaya sai an shimfiɗa farantin sola mai wat 400 har guda 100, rana tsaka, kafin a samu. Wanda ya fi kusa da halinmu shi ne Mustapha Gajibo na Maiduguri, da ya cire injin fetur daga ƙananan bas ya sa musu batir, ana caja su da igiya daga hasken rana. Da wannan za mu fara, da kabu-kabu da keke mai ƙafa uku. Amma akwatin gefen titi ya riga ya shafe mu. Yawancin manyan inbatocin gonakin sola na yanzu masu bolt 1,500 masu hawa uku ne, mu kuma gonakin sola muke ginawa: ta Malbaza mai megawat 7 tun 2018, ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30 a 2023. Duk wanda zai kula da irin waɗannan, da famfunan sola na rijiyoyin burtsatse da ke yawaita a karkararmu, dole ya san abin da ke faruwa tsakanin makunni da kafasito. A makarantunmu na sana'a har yanzu jan waya a gini da naɗin mota muka fi koyarwa, kuma na ƙudurta in shigar da wannan darasi a ajina bana, ko da da alli da allo ne.

A hanyar dawowa motarmu ta wuce Malbaza da hantsi, na yi ta leƙe ta taga har wanda ke kusa da ni ya tambaye ni ko garinmu ne. Na rubuta takardar neman izinin kai ɗalibaina su ga ɗakin inbatocin wurin, ina jiran amsa.

Kai kuma ga abin da nake so. Tsohuwar inbatar nan da ta ƙone maka bara, kada ka ba yara su fasa ta don jan ƙarfe. Zan zo bayan kasuwa mai zuwa da mita da 'yan taransistoci da na saya a Maraɗi, mu buɗe ta tare, ka kira yaron shagonka ya zauna kusa. Guntun igiyar nan mai zaruruwa ma ɗalibar ta bar mini, zan taho da shi.